Gwiwar Hannu a Gefen Allo

Shekara ashirin da bakwai ina aiki a ɗakin inji na gidan talabijin, kuma ko bisa kuskure ba a taɓa nuna fuskata ba. Ban damu ba. Masu karanta labarai su sha hoda da fitila, mu kuma mu sha sanyin na'ura da ƙugin fanka a ɗakin da ba shi da taga. Abin da nake taƙama da shi ɗaya ne. Duk hoton da zai fita zuwa tsohuwar eriyar da ke kan dutse sai ya bi ta cikin wani akwati mai ruwan toka a kanta ta uku daga ƙofa, akwatin nan kuwa ba mai taɓa shi sai ni.

Aikinsa ba wuyar ganewa. Tun da aka sauya mana kyamarori hotonmu ya koma dijital, ya yi faɗi, sha shida da tara muke ce masa. Amma rabin gari har yanzu tsohuwar eriya suke kamawa, ta analog, da tsofaffin talabijin masu ƙusumbi waɗanda allonsu ya kusa zama murabba'i. Faffaɗan hoto ba ya shiga irin wannan allo sai da dabara, dabarun kuma uku ne. Ko ka rage shi duka ya shiga, baƙin fili ya rage sama da ƙasa, wanda mu a ɗakin inji muke ce wa hula da gemu. Ko ka matse shi daga gefe da gefe, mutane su fito a rame. Ko kuwa ka yanke gefen hagu da na dama ka cika allo da tsakiya, wannan sunansa aski. Duk ukun suna cikin wani ɗan koren allo a fuskar akwatin, da maɓallai huɗu a ƙarƙashinsa. Tun ranar da aka kawo shi na ajiye shi a kan hula da gemu, domin a haka ne kaɗai ba a rasa komai.

Ina da dalilina na gida. Yayata kurma ce tun tana shekara huɗu, zazzaɓi ya tafi da jinta. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goya ni, ita ta koya mini magana da hannu tun kafin bakina ya gama buɗewa. A wurin kurame kowa yana da sunansa na hannu, ni kuwa sunan da ta sa mini shi ne ta kama leɓatun kunnenta ta ja shi sau biyu. Ni ne kunnenta. Asibiti, kasuwa, faɗan maƙwabta, duk ni nake tsayawa a gabanta ina juya mata abin da ake faɗa. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidana, a ɗakin da ke kusa da famfo, da keken saƙarta da tsohuwar talabijin ɗin da ta ƙi rabuwa da ita ƙememe. Ko da ta yarda ma ba amfani, unguwarmu tana bayan dutse, sabon tsarin dijital bai iso mu ba.

Ƙarfe shida na yamma kada ka nemi Yaya. Tana gaban talabijin, ta matso da kujera har gwiwarta tana taɓa tebur, saboda a kusurwar dama ta ƙasa akwai wata malama a cikin ɗan zagaye tana fassara labarai da hannu. Wannan rabin awa shi kaɗai ne lokacin da duniya take yi wa Yaya magana ba ta bakina ba. In na dawo sai ta tare ni da labari, wane ya ce kaza, gada ta karye a wuri kaza, har da gyara mini. Ni kuma, da yake ban iya rufe baki ba, na sha cika mata baki cewa duk abin da take gani ta hannuna ya biyo. Ta kan nuna ni ga ƙawayenta in sun zo, ta ja kunne sau biyu, ta nuna talabijin, ta buga ƙirji.

Sai aka kawo mana sabon Darakta. Yaro ne a kaina, mai ƙamshin turare da takalmi mai tsini, daga wani kamfanin talla aka ɗauko shi. A taronsa na biyu ya tambaya wa ke kula da tsohuwar eriya, na ɗaga hannu.

"Injiniya, jiya na je gaida surukina, na ga tasharmu a talabijin ɗinsa. Mene ne wannan baƙin abu sama da ƙasa? Sai ka ce muna zaman makoki."

"Ranka ya daɗe, hoton ne ya fi allon faɗi. In ana son a ga komai dole a rage shi."

"Tashar da ke gaba da mu cike take fal. Surukina cewa ya yi ko hotonmu ne bai ishe mu ba." Ya yi dariya, 'yan taro suka taya shi, har da waɗanda suka san gaskiya. "Ka cika mini allo. Ba na son in ƙara ganin baƙi ko na ƙwayar zarra."

Na koma ɗakin inji ina huci. Aski dai ban yi niyyar yi ba, don na san abin da yake ci. Kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoto yake tafiya, rabi hagu rabi dama, Malama kuwa can ƙarshen dama take zaune. Sai na ɗauki dabara ta biyu. A saman kowane hoton analog akwai layukan da mai kallo ba ya gani, kuma a layi na ashirin da uku akwatin yana iya rubuta wa talabijin ɗan saƙo, 'yan ɗigo-ɗigon fari, yana gaya mata cewa hoton nan mai faɗi ne an matse shi, ki buɗe shi. Talabijin ɗin da take da wayo sai ta gyara da kanta. Na matse hoton, na kunna saƙon, na duba a kan na'urar awo na ga ɗigon sun zauna daram. Allo ya cika, ba abin da ya ɓata. Na ce a raina yau na yi maganin mai takalmi mai tsini.

Na san tsofaffin talabijin ba sa jin wannan saƙo. Ta Yaya ma ba ta ji ba, Malama ta fito siririya, amma hannayenta biyu suna nan, yatsu goma cif. Yaya dariya kawai ta yi ta tambaye ni ko an hana matar nan abinci ne.

Kwana uku dabarata ta yi a duniya. Ranar Alhamis aka nuna jawabin Darakta na kama aiki, shi kuma ya tashi fita daidai lokacin da ake maimaita shi, motarsa ta tsaya a bakin ƙofa ana buɗe mata. Maigadi yana da wata 'yar talabijin a rumfarsa wadda ta girmi Daraktan kansa. A ciki ya ga fuskarsa doguwa kamar taɓarya, hancin nan har ƙirji. Maigadi kuma, bawan Allah, ya ce masa, "Yallaɓai, ko ba ka da lafiya ne ranar? Ka rame."

Ba a kira ni ofis ba, shi ya sauko da kansa, karo na farko da ƙafarsa ta taka ɗakin inji.

"Ni za ka mayar abin dariya?"

"Ranka ya daɗe, sababbin talabijin suna gyarawa, akwai saƙo a layi na..."

"Kada ka kawo mini layi! Ba wata hanyar da allo zai cika mutane su fito mutane?"

"Akwai. Amma sai an yanke gefe da gefe. Mai fassara wa kurame tana gefen dama."

"Kurame nawa ne a garin nan?"

Saura kaɗan in ce masa akwai ɗaya a gidana. Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma na kalli takalmin, na tuna saura mini shekara uku in ajiye aiki lafiya, na tuna mutum biyu da ya riga ya tura tashar ƙauye a sati ɗaya. Na haɗiye ta. Ya tsaya a kaina, na danna maɓalli sau uku, na kashe saƙon layi na ashirin da uku tunda ba sauran abin da za a buɗe. Ya dafa kafaɗata ya ce yawwa, ashe abu mai sauƙi.

Ba zan ce ban yi wani ƙoƙari ba, ko da yake ƙoƙarin bai fi na wanke kai ba. Na hau sama wurin mai shirya labarai na ce ta matso da zagayen Malama ciki kaɗan, ta matso da rubutun da ke ƙasa shi ma. Ta ce in ta matso da shi zai rufe kafaɗar mai karanta labarai, kuma tsarin allon Darakta ne ya sa hannu a kai, sai an yi taro. Na ce a yi. Ta ce in rubuto. Na rubuta, takardar ta hau sama ba ta sauko ba. Su a can sama duk allunansu masu faɗi ne, kai tsaye daga dijital, Malama tana nan cikakkiya tana ta aikinta. A duk ginin nan allo ɗaya ne yake nuna abin da tsohuwar eriya take fitarwa, wani ƙarami a saman kantata, shi ma na juya fuskarsa ga bango.

Da na koma gida ran nan Yaya tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Ta ja kunne sau biyu, ta ja ni ciki. Labarai sun ƙare, amma ta nuna mini kusurwar allon da yatsa.

"Matar ta tafi," ta ce da hannu. "Saura gwiwar hannunta. Tana shigowa tana fita. Me ya faru?"

Na durƙusa na leƙa bayan talabijin kamar mai neman wani abu. Na taɓa waya, na bubbuga ƙusumbin. Sannan na miƙe na ce mata, "Talabijin ɗin ce ta tsufa. Ta fara cin gefe."

"Za ka iya gyarawa?"

"Sai na samo kayanta."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi shakka ba ko kaɗan, don me za ta yi, tunda ban taɓa juya mata magana ba daidai ba. Matata tana bakin famfo tana wanke-wanke, ba ta iya maganar hannu sosai ba amma ta iya fuskata. Da muka shiga ɗaki ta ce, "Kai dai ka san abin da ka yi." Na ce mata ta bar ni da abin da ya dame ni.

Yaya ba ta daina zama ƙarfe shida ba. Ta kan matso da kujerar ta zuba wa gwiwar hannun nan ido, wai tana ƙoƙarin gane magana daga yadda take motsi. In ta yi sauri ta ce faɗa ake yi, in ta yi sama ta ce maganar manya ce. Bakin masu karanta labarai ba ta iya karanta shi, sun cika sauri. Rubutun ƙasa kuma a hankali take bin sa, ga shi askin ya cinye farkon kowane layi. Kullum na dawo sai ta tambaye ni kayan gyara, kullum in ce suna hanya.

A sati na uku Malama ta same ni a ɗakin inji. Mace ce gajera mai tabarau, iyayenta duka kurame ne, in tana magana da baki ma hannunta ba ya zama.

"Baba Injiniya, mutanena sun dame ni. Sun ce gwiwar hannuna kawai suke gani. Na tambaya sama an ce in zo wurinka."

"Umarni ne, Malama."

"Na wa?"

Na nuna silin da yatsa.

"To ni wa nake yi wa fassara kenan? Masu sabuwar talabijin a cikinmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba." Ta kalli ƙaramin allon da ke kallon bango, ta kalle ni. "Ba kai ne ƙanen mai saƙa ba? Ita ta sani?"

Na ce mata ina da aiki. Ta fita ba ta ja ƙofa ba.

Haka muka kai sati bakwai. Wata Laraba na dawo wajen bakwai da rabi na tarar da Yaya tana ta rawar jiki don murna a tsakar gida, abin da rabona da gani tun kafin rasuwar mijinta. Ashe an nuna Malaminta. Shi ne ya buɗe makarantar kurame ta farko a garin, shi ya zo har gidanmu ya roƙi mahaifinmu ya bar ta ta shiga, lokacin tana shekara goma sha ɗaya ba ta san abubuwa suna da suna a hannu ba. Duk abin da Yaya take faɗa a duniya daga hannunsa ta ɗauka.

"An nuna hotonsa, babba, yana murmushi," ta ce, hannunta har yana tuntuɓe don sauri. "An nuna makaranta, an nuna manya suna magana. Na ga sunansa a ƙasa. Karrama shi aka yi, ko? Kana can, ka gani."

Ina can kuwa. Amma duk wanda ya yi aiki irin namu ya san ba ma kallon labarai. Ƙarfin haske muke kallo, da launi, da allurar sauti ko ta shiga ja. Za a iya sanar da tashin duniya a gabana in ce hoton ya ɗan yi duhu. Ranar ma wata waya ce take ba ni wahala, rabin lokacin ina bayan kanta. Maimakon in ce ban lura ba, sai girman kai ya hana ni, ni da komai yake bi ta hannuna.

"Ƙwarai," na ce. "Ai ya cancanta."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata rigar sanyi mai ruwan ƙasa da ta daɗe da saƙa masa tana jiran dalili. Ta naɗe ta a takarda mai ƙyalli. Ta ce gobe za ta je ta yi masa murna, ta sa matata ta goge mata kayanta masu ruwan goro da zanen furanni, waɗanda ba ta sawa sai fita ta musamman.

Washegari wajen goma ina ɗakin inji mai shirya labarai ta bugo waya.

"Injiniya, don Allah ciro mini rahoton rasuwar nan ta jiya, iyalan suna son kwafi."

"Wace rasuwa?"

"Ta tsohon nan mai makarantar kurame mana. Kai ba ka kallon tasharku ne?"

Na ciro rahoton na sa shi a babban allo, mai faɗi, yadda su na sama suka gan shi. Ga hoton yana murmushi. A ƙasa daga hagu an rubuta marigayi, sannan sunansa. Na san daidai inda askina yake wucewa, na sa yatsa a wurin, kalmar farko gaba ɗaya tana bayan yatsana. A dama kuma ga Malama cikin zagayenta, ta cire tabarau, tana faɗa a hankali yadda ko yaro zai gane, ya rasu yau da rana, za a yi jana'iza gobe ƙarfe takwas na safe, duk ɗalibansa su zo. Sau biyu ta maimaita lokacin. Hawaye na zuba tana ci gaba da aiki. Yayata kuwa tana zaune gwiwa a jikin tebur tana kallon gwiwar hannu tana tafiya a hankali, ta ɗauka natsuwar girmamawa ce.

Na bugo gida, matata ta ce Yaya ta fita tun tara, ta tsaya ma jiran kayanta su sha iska. Na tura wa Yaya saƙo a waya, ba a buɗe ba. Na bar ɗakin inji a buɗe, abin da ban taɓa yi ba, na hau babur.

Tun daga bakin layin na ga kujerun roba da motoci. An riga an kai shi an dawo. Na kutsa cikin gidan ba sallamar kirki, na hango ta a barandar da mata suke. Kowa cikin kaya masu duhu, ita kaɗai cikin ruwan goro da furanni, ƙunshin takarda mai ƙyalli a kan cinyarta ta rasa inda za ta ɓoye shi. Daga baya aka gaya mini yadda ta shigo, da fara'arta, tana ɗaga ƙunshin sama tana tambayar ina angon karramawa, har sai da matar marigayin ta kama hannayenta biyu ta riƙe. Malama tana zaune kusa da ita. Da na ga yadda Malama ta kawar da kai na san an riga an yi maganar talabijin, an kuma faɗi ɗakin da ake askin da mai yin sa.

Yaya ta ɗago ta gan ni. Na ɗaga hannuwana zan fara, ban ma san da me zan fara ba, umarni ne, Darakta ne, saura shekara uku. Ta dube ni kamar na ƙiftawa biyu, sannan ta rufe idonta.

Wanda bai zauna da kurma ba ba zai san nauyin wannan ba. Mai ji ko ya toshe kunne kana iya ɗaga murya. Ita in ta rufe ido shi ke nan, ba ta inda za ka shiga. Tun muna yara, duk faɗan da muka yi, ba ta taɓa yi mini haka ba. Na tsaya a tsakiyar gidan mutane da hannuwa a sama, kurame kusan talatin suna kallona, kowannensu ya san abin da ake ciki. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina. Na sauke hannu na fita.

Tashar na koma kai tsaye. Na juyo da ƙaramin allon daga bango, na share ƙurar da ke kansa da hannun riga. Na danna maɓalli sau uku, hula da gemu suka dawo. Na kunna saƙon layi na ashirin da uku na gaya wa talabijin masu wayo cewa hoton mai faɗi ne a tsakiyar baƙi, su buɗe shi in suna so. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba. Sannan na kwashe kofina da 'yar tabarmata da hoton yara na zuba a jaka, na zauna ina jiran takalmi mai tsini.

Bai zo ba. Ran nan bai zo ba, washegari bai zo ba. Sati ya wuce jakata tana ƙarƙashin tebur a ɗaure. Maigadi ne kaɗai ya ce mini, "Injiniya, na ga 'yar matar nan mai hannu ta dawo." Bayan wata guda muka yi kiciɓis da Darakta a matakala, na tsaya na gyara tsayuwa, na ce yau ne.

"A'a, Injiniya! Kwana biyu. Hoto yana kyau kwanan nan, ka ci gaba da ƙoƙari."

Ya wuce yana latsa waya. Direbansa ne ya gaya mini ai tuni ya sai wa surukin nasa sabuwar talabijin da kwanon tauraron ɗan Adam, shi kansa kuma bai taɓa kama tsohuwar eriya a gidansa ba. Maganar cika allo ya manta da ita tun satin da ya yi ta. Sati bakwai ina gadin umarnin da mai shi ya mance, ina yi wa yayata ƙarya kullum yamma saboda tsoron mutumin da ko waiwayowa bai yi ba. Da korata ya yi da na fi jin daɗi, aƙalla in ce akwai abin da na ji wa tsoro.

A gida Yaya ta lulluɓe talabijin da tsohon zane ta jera ƙullin zare a kai. Wata yamma da ba ni da aiki na shiga ƙarfe shida na kwashe zaren, na yaye zanen na kunna. Ga Malama nan cikakkiya, yatsu goma, tabarau da komai. Na matsa gefe don Yaya ta gani. Ta ɗauki kujerarta ta fita tsakar gida ta zauna tana fuskantar famfo. Ƙawayenta sun ce sun koma kallo, suna ma godiya ga Malama. Ita dai har yau ba ta koma ba. Rigar sanyin kuma ta warware ta, zaren ta yi wa yarana safa da shi.

Ba ta daina yi mini magana ba, kada in yi mata ƙarya ita ma. Bayan kamar wata biyu ta fara, kaɗan-kaɗan, abinci ya sauka, famfo yana yoyo, ana nemanka a waje. Amma asibiti yanzu da babbar 'yata take zuwa, ko da yarinyar ba ta kai ni iya hannu ba.

Ranar da na fara lura, ina gyaran babur a ƙofar gida, ta leƙo tana tambayar matata ina nake. Na hango ta ta cikin madubin babur. Na jira in ga ta kai hannu kunne. Ba ta kai ba. Ta ɗaga tafukanta biyu a tsaye, ɗaya a kowane gefen fuskarta, ta sauke su ƙasa lokaci ɗaya kamar mai aske gefe da gefen hoto. Matata ta gane nan take, ta nuna ƙofa. Ba cikin fushi Yaya ta yi shi ba, fuskarta ba komai, suna ne kawai kamar kowane suna. Na tambayi Malama daga baya, ta ce ai tun ranar ta'aziyya duk kuramen gari da shi suka san ni.

Jiya ma da shi ta kira ni cin abinci, na kuma tashi na je.